Takardar ƙiyasin haraji ta iso shago: me za a yi kafin kwana 30 su cika?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada a yankin Zariya, shi ya sa na buɗe mata wuri na musamman. Mutum yana da shago, ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, amma ba kamfani ba ne. An kawo masa takarda cewa ana bin sa harajin shekarun baya, adadin kuma ya ninka abin da ya san ya ci riba. Ya biya ne, ya je roƙo ne, ko ya nufi kotu? Masana, bismillah. Don Allah a yi magana da lissafi.

Barista Kongo:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa lissafi, a duba kwanan watan da takardar ta shiga hannunsa. Doka ta ba shi kwana 30 daga wannan ranar, a cikinsu ya rubuta cewa bai amince ba. In wa'adin ya wuce bai rubuta ba, ƙiyasin ya tabbata, ya zama bashi a wuyansa ko da kuskure ne tsagwaronsa. Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa a nan suke faɗuwa. Za a yi ta zirga-zirga ofis ana gaisawa, ana cewa a dawo jibi, a turo wani babba ya sa baki, kwanaki na tafiya. Maganar baki ba ta tsayar da wa'adi. Rubutu kawai ke tsayar da shi.

Wasiƙar kuma ba ta kuka ba ce. "Kasuwa babu ciniki, a tausaya mana" ba hujja ba ce a doka. A rubuta lambar takardar ƙiyasin da shekarar da ta shafa, a faɗi wane adadi ne ba a yarda da shi ba da dalilinsa, a faɗi nawa mutum ya yarda ana bin sa, a haɗa kwafin shaidu. Abin da ya yarda da shi ya biya, ya maƙala rasit. A yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa. Wannan kwafin mai hatimi ya fi duk wata alfarma da za a yi masa alkawari.

Baba Mai Ritaya:
Barista ya yi daidai. In ƙara da cewa a fara tantance wa ya aiko takardar. Mai sunan kasuwanci, da abokan haɗin gwiwa, da ma'aikaci mai albashi, harajinsu na jiha ne, wato KADIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Kaduna, kuma jihar da mutum yake zaune ita ke da haƙƙi, ba jihar da aka haife shi ba. Kamfani mai rajistar Limited da harajin VAT na tarayya ne, hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS daga 1 ga Janairu 2026. Kuɗin shago da na rumfar kasuwa kuwa kaso ne na ƙaramar hukuma, kuma ku tuna Zariya da Sabon Gari ƙananan hukumomi biyu ne daban. Biyan kuɗin rumfa ba ya sauke harajin riba. Da yawa suna zuwa da tarin rasit na kasuwa suna cewa ai sun biya haraji, alhali abu biyu ne mabambanta.

Sannan tun dokar tattara haraji ta jiha ta 2016 aka hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. Duk wanda ya ce a ba shi tsaba ya "rufe fayil", fayil ɗin yana nan a buɗe, kuɗin ne kawai suka tafi.

Hajiya Odita:
Bari in sa lissafi a faifai, don a ga inda ratar take fitowa. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin.

Ɗan kasuwa bai taɓa shigar da bayanin kuɗin shigarsa ba. Doka ta ba hukuma damar ta ƙiyasta masa da iyakar fahimtarta. Jami'i ya duba sitetimen ɗin banki na 2024, ya ga naira miliyan 60 sun shiga. Ya ɗauka duka ciniki ne, ya ce a ƙaddara kashi 20 riba, miliyan 12 ke nan. A tsohuwar doka, wadda ta yi aiki kafin 2026, za a cire masa rangwamen naira 200,000 da kashi 20 na kuɗin shigar, jimilla miliyan 2.6, saura miliyan 9.4. Harajin miliyan 3.2 na farko naira 560,000 ne, ragowar miliyan 6.2 kuma a kan kashi 24, naira 1,488,000. Takarda za ta zo da naira 2,048,000, kafin tara da kuɗin ruwa.

Yanzu a zauna da sitetimen ɗin nan layi-layi. A cikin miliyan 60, miliyan 5 rance ne da ya karɓa, miliyan 3 shi ya tura wa kansa daga asusunsa na POS zuwa na banki, miliyan 2.5 saƙon mutane ne da ya sayo musu kaya a Kano, miliyan 1.5 kwasar adashi. Ciniki na gaskiya miliyan 48. Kayan da ya saro ya sayar sun ci miliyan 42. Hayar shago 600,000, albashin yara 960,000, kuɗin mota da dako 840,000, wuta da man janareta 400,000, cajin banki da POS 200,000, jimilla miliyan 3. Riba miliyan 3. A cire rangwame 800,000, saura miliyan 2.2. Naira 300,000 na farko kashi 7, na biyu kashi 11, 500,000 kashi 15, wata 500,000 kashi 19, ragowar 600,000 kashi 21. Haraji naira 350,000.

Tsakanin 2,048,000 da 350,000 babu wata dabara. Takardu ne kawai. Kowace naira cikin miliyan 12 ɗin da ya ce ba ciniki ba ce, sai ya nuna shaidarta: yarjejeniyar rance da layukan da ya mayar da kuɗin, sitetimen na asusu na biyu da ke nuna fitar kuɗin a rana ɗaya, littafin uwar adashi. Wanda ba shi da shaida, jami'i zai bar shi a cikin ciniki, kuma yana da gaskiya.

Dillalin Giwa:
Hajiya, Allah ya ƙara basira, amma wannan lissafin na mai shagon kanti ne da kamfani ke ba shi takardar kaya. Harkar hatsi fa? Masara a kasuwar Giwa ko Makarfi ko Soba, wane manomi ne zai rubuta maka rasit? Kuma kuɗin da ke ratsa asusun dillali ba nasa ba ne. Mai kamfanin abincin kaji ya turo miliyan 20 a sayo masa tirela, la'adar dillali a ciki ba ta taka kara ta karya ba. In aka ce kashi 20 na wannan riba ce, ai an yanka mutum.

Hajiya Odita:
Alhaji, doka ba ta ce dole sai rasit mai tambarin kamfani ba. Abin da ake nema shi ne rubutun da aka yi a lokacin da abin ya faru, wanda wani abu daga waje ke gaskata shi. Littafin saye ya wadatar in an riƙe shi da kyau: kwanan wata, kasuwa, buhu nawa, farashin buhu, wa aka saya a hannunsa, nawa aka ba 'yan dako, nawa kuɗin buhu da ɗinki. Sai a jingina shi da abin da ba kai ka rubuta ba, wato tikitin kasuwa na ranar, takardar lodin mota mai lamba, da layin banki inda aka cire kuɗin ko aka tura. In littafi ya ce an sayi buhu 300 ranar kasuwa, banki ya nuna an cire kuɗin da ya yi daidai da haka a ranar ko jajibirinta, mai bincike ba shi da ta cewa. Littafin da aka zauna aka cike cikin dare ɗaya da biro ɗaya bayan takarda ta iso kuwa, daga nesa ake gane shi.

Batun la'ada, a sami rubutu tsakaninka da mai kaya, ko da saƙon WhatsApp ne, da ke cewa kai wakili ne kuma ladanka kaza a kan buhu. Abin da ya fi shi ne asusu daban na kuɗin mutane. Haɗa kuɗin amana da na cefane da na ciniki a asusu ɗaya shi ne babban abin da ke kumbura ƙiyasi a garin nan.

Akantan PZ:
Ina da ja kaɗan a kan saurin miƙa sitetimen. Ba a kwashi takardun shekara goma a kai don an tambayi na shekara biyu ba. Wasiƙar bincike tana faɗin shekarun da za a duba da takardun da ake so. A ba da waɗannan, kwafi ba asali ba, tare da wasiƙa mai jera abin da aka miƙa, a sa hannu an karɓa. Hukuma na iya komawa baya shekara 6. Ba ta wuce nan sai in akwai zamba ko ƙin biya da gangan ko sakaci. Shi ya sa ake cewa a ajiye takardu na aƙalla shekara 6.

Baba Mai Ritaya:
Ƙanina, ban ƙi taka ba, amma kada mutane su fahimce ka da cewa a ɓoye asusu. Hukuma tana da ikon neman bayani kai tsaye daga banki, kuma yanzu BVN da NIN sun ɗaure asusun mutum wuri guda. Wanda ya kawo asusu ɗaya aka gano na biyu, ya zubar da yardar da za a yi wa sauran takardunsa, kuma da hannunsa ya buɗe ƙofar "da gangan" ɗin nan da ke ɗage iyakar shekara 6.

Akantan PZ:
Haka ne, Baba. Duk asusun da kasuwanci ya ratsa a cikin shekarun da aka tambaya, a kawo. Abin da nake hanawa shi ne surutu. Ranar da masu bincike suka zo, mutum ɗaya ya amsa tambaya, ba kowane yaron shago ba. In ba a tabbatar da amsa ba, a ce za a kawo a rubuce. Bayan zaman daidaita lissafi akan rubuta abin da aka cimma, kada a sa hannu sai an karanta, domin abin da ka amince da shi a takardar nan da wuya ka janye shi daga baya.

Sai abin da ake cirewa da wanda ba a cirewa, don nan ma ana asara ta fuska biyu. Ƙa'idar ita ce kuɗin da aka kashe kacokan don samar da ribar. Hayar shago da sito, albashi, sufuri, gyaran kayan aiki, kuɗin ruwan rancen da aka zuba a kasuwancin, duk suna shiga. Bashin ciniki da ya mutu yana shiga in an nuna an bi an gaji, amma rancen da ka ba ɗan'uwanka ya ƙi biya ba bashin ciniki ba ne. Kuɗin makarantar yara, cefane, biki, kujerar Hajji, ba sa shiga. Zakka ma ba ta shiga, ibada ce a kan dukiyar mai shago, ba kuɗin gudanar da shago ba. Tarar da aka ci mutum ba ta shiga. Buhun shinkafar da aka ɗauka daga shago aka kai gida a rubuta shi a matsayin abin da mai shago ya ɗiba, in ba haka ba ƙidayar kaya ba za ta hau ba.

Janareta, firiza, sola, mota: ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Ana rarraba shi kan shekaru a matsayin rangwamen kayan jari, mota misali kashi 25 a shekara. In motar tana kai kaya da safe tana kai yara makaranta da rana, a raba, a nemi kason kasuwanci kawai. Wanda ya nemi duka, yakan rasa duka.

Malamar Samaru:
Albashin yaran shago fa, tunda yawanci kuɗin abinci ne kullum da ɗan abin da ake ba su ƙarshen wata? Kuma ma'aikacin jami'a ko asibiti da ake cire masa PAYE, wato harajin da ake yanka daga albashi, yana da shago a gefe, shi ma sai ya shigar da bayani?

Hajiya Odita:
Malama, littafi mai sunan kowane yaro, adadi, kwanan wata, sa hannu ko dangwale. Tura kuɗin ta banki ya fi. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, naira 70,000 tun 2024, ba a cire masa haraji, don haka kada tsoron PAYE ya sa a ƙi rubuta su a rasa rangwamen. In akwai wanda ya haura, ana cire nasa a tura kafin 10 ga watan da ke biye, a kuma shigar da bayanin ma'aikata na shekara kafin 31 ga Janairu.

Ma'aikaci mai shago, e, sai ya shigar. PAYE albashi kaɗai ya rufe. Ana haɗa albashi da ribar shago a lissafa haraji a kan jimilla, a cire abin da aka riga aka yanka. Wa'adin ɗaiɗaikun mutane na shigar da bayani shi ne 31 ga Maris kowace shekara.

A kula kuma, sabuwar dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 ta fara aiki ne a Janairu 2026, ba ta koma ta gyara lissafin 2023 ko 2024 ba. A cikinta naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen nan na 200,000 da kashi 20, an kawo na hayar gida: kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Daga kuɗin shiga ake cire shi, ba daga harajin ba. Mai biyan hayar 600,000 a Hanwa ko Palladan za a rage masa 120,000 daga abin da za a yi wa haraji, in yana matakin kashi 15 ya tsira da 18,000. Mai zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan. Kuma sai an nema da shaidar biya, ba ya zuwa da kansa. Fansho, NHF (asusun gidaje na ƙasa), inshorar lafiya da ta rai suna nan ana cirewa.

Barista Kongo:
Mu koma kan rigimar. Bayan an shigar da wasiƙa, ɗayan biyu ne: a gyara ƙiyasin, ko a ba ka takardar ƙin gyarawa. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ɗaure hukuma ita ma, in kwana 90 suka wuce ba ta amsa ba, ana ɗauka an amince da ƙorafinka. Kun ga amfanin hatimin nan mai kwanan wata. In an ƙi gyarawa, kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a cikin garin Kaduna. Mutum na iya tsayawa da kansa, ko lauya ko akanta ya tsaya masa. Daga can sai Babbar Kotun Tarayya, amma a kan fassarar doka kawai, ba a sake ƙirga buhuna a can. Saboda haka duk shaidar lissafi a zube ta tun a matakin farko.

Baba Mai Ritaya:
Barista, kada a zuga ƙananan 'yan kasuwa su nufi kotu. Mai rigimar naira 300,000, in ya haɗa kuɗin lauya da zirga-zirgar Kaduna da ranakun da ya rufe shago, riba ta ƙare a hanya. Yawancin waɗannan ƙiyasce-ƙiyascen a teburin daidaitawa suke mutuwa in mutum ya zo da takardu. Jami'in ma ya san adadin farko na jawo hankali ne.

Barista Kongo:
Ranka ya daɗe, ban ce kowa ya je ba. Cewa na yi kada a bar ƙofar ta rufe. Wanda har yanzu yake da damar ɗaukaka ƙara, da shi ake daidaitawa. Wanda wa'adinsa ya wuce, roƙo yake yi. A shigar da takarda a kan lokaci, a ci gaba da zaman sulhu, ba sa karo da juna. Kuma muddin ƙorafi na nan a raye bashin bai tabbata ba, garƙame shago ko umartar banki ya riƙe kuɗi matakai ne na bashin da ya riga ya tabbata. Akwai kuma sabon ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji da dokar 2025 ta kafa, amma aikinsa halayyar jami'ai da jan ƙafa ne, ba ya yanke nawa ake bin ka, kuma kai kuka can ba ya tsayar da kwana 30.

Ɗan Kwangila:
Mu masu kai kaya makarantu da asibitoci ana yankar mana wani abu kafin a biya mu. Yana da amfani a wannan lissafin?

Akantan PZ:
Sosai ma, Malam. Harajin da ake cirewa tun daga tushe ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne a kan naka. Kafin 2025 kashi 5 ake yanka a kwangilar kai kaya, daga Janairu 2025 ya koma kashi 2, wanda ba shi da lambar haraji kuma a ninka masa. Matsalar ita ce a yanka ba a tura ba, ko a tura inda bai dace ba. Na mai sunan kasuwanci jiha ake kai wa, na Limited tarayya. In akawun ma'aikata ya tura naka tarayya alhali KADIRS ke bin ka, ba za ka gan shi a lissafinka ba. Ka karɓi rasit ɗin cirewar a kan kowane biya, mai sunanka da lambarka, tun kuɗin na da ɗumi. Neman sa bayan shekara uku, an canja akawu, wahala ce.

Dillalin Giwa:
To ba gara kowa ya koma Limited ba, tunda an ce ƙaramin kamfani ba ya biyan komai?

Hajiya Odita:
Ba ya biyan harajin riba, Alhaji, amma ba a ɗauke masa shigar da bayani ba. Daga 2020 kamfanin da cinikinsa bai wuce miliyan 25 ba ne ke wannan sahu, sabuwar doka ta ɗaga iyakar. Sai dai ciniki ake dubawa, ba riba ba, kuma mai harkar tirelolin masara zai tsallake iyakar cikin 'yan makonni in bai raba kuɗin mutane da nasa ba. Ga kuɗin akanta duk shekara, ga bayanin shekara na CAC, ga bayanin haraji cikin wata 6 da rufe lissafi. Albashin da darakta ya ɗiba yana da PAYE, ribar da aka raba ana yankar kashi 10. Tarar ƙin shigar da bayani a yanzu naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa, wata 12 ya zama 650,000 a kan kamfanin da ba a bin sa ko kwabo na haraji. Wanda ba zai iya riƙe littafin saye ba, Limited ƙara masa kaya zai yi.

Malamar Samaru:
Wanda kwana 30 ɗinsa suka riga suka wuce fa, Barista?

Barista Kongo:
Ya rubuta yau, kada ya ƙara kwana. Ya nemi a karɓi ƙorafinsa a makare, ya faɗi dalili mai shaida: jinya da takardar asibiti, tafiya ƙasar waje da hatimin fasfo, ko kuma takardar ba ta shiga hannunsa ba sai rana kaza, in an ajiye ta ne a shagon maƙwabci ko tsohon adireshi. Ya haɗa cikakken lissafinsa a ciki kamar yadda Hajiya ta zayyana, ya biya abin da ya yarda da shi. In an ƙi, abin da ya rage shi ne neman a sassauta tara a kuma raba masa biyan kashi-kashi, shi ma a rubuce, da jadawalin ranaku da adadi, kuma kowane biya ta banki ko PayKaduna, shafin biyan kuɗin gwamnatin jiha, da lambar ƙiyasin a jikin rasit, don kada a zuba kuɗin a wata shekarar daban.